Fitilar da ke gadin garke: dabarar wani yaro makiyayi a Kenya

Zancen shirinmu na wannan mako a kan masu taɓe-taɓen kayan lantarki ne, irin yaran nan da ba su iya ganin mataccen rediyo su wuce sai sun kwance shi sun ga abin da ke cikinsa. A gidaje da yawa maɓarnata ake ce musu. To ga labarin ɗayansu, ɗan makiyaya kamar 'ya'yanku, wanda taɓe-taɓensa ya tsare shanun gidansu.

Sunansa Richard Turere, ɗan ƙabilar Masai, daga Kitengela a ƙasar Kenya. Yankinsu yana kudu da gandun namun daji na Nairobi, kuma ta wannan ɓangaren gandun ba shi da shinge. Jakunan dawa suna fita kiwo, zakuna suna biye da su, in dare ya yi sai su karkata zuwa garken Masai. Tun yana shekara 9 aka damƙa masa shanun mahaifinsa. Wata safiya ya tarar zaki ya kashe musu bijimi, shi ne kuwa kaɗai bijimin da suke da shi. Su ma Masai ba su barin ta kwana. A watan Yunin 2012 an kashe zakuna shida a yankin bayan sun auka wa dabbobi. Makiyayi na hasara, daji ma na hasara.

Da farko yaron ya hura wuta a bakin shinge, sai ya zamana ya haska wa zaki cikin garken ne. Ya kafa mutum-mutumi. Daren farko zakuna suka gan shi suka juya. Dare na biyu suka lura abin nan ba ya motsi, suka tsallaka suka yi ɓarna. Sai wani dare yana zagaya shingen da tocila a hannu, har gari ya waye zaki bai matso ba. Nan ya gano bakin zaren: zaki yana shakkar hasken da ke yawo, domin a wurinsa hasken da ke yawo mutum ne a farke.

Amma wa zai kwana yana zagaye kullum? Richard, yana wajen shekara 11 a lokacin, ya riga ya saba da wayoyi, don har sabon rediyon mahaifiyarsa ya taɓa kwancewa, ya sha faɗa. Ya samo tsohon batirin mota, da makunni, da ƙwan tocilar da ta lalace, da filasha ta babur, wato ɗan akwatin nan da ke sa tirafiketa ƙiftawa in direba zai karya kwana. Ya haɗa da farantin sola don cajin batirin. Ya jera fitilun a kewayen shinge suna kallon daji, suna ƙiftawa dare farai. Zakuna suka daina shigar musu. Maƙwabta suka roƙe shi, ya ɗaura wa gidaje bakwai. Aikin ya sama masa gurbin karatu a makarantar Brookhouse ta Nairobi, a 2013 ya je Amurka ya yi bayaninsa a taron TED, a 2023 kuma hukumar rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ta Turai ta ba shi kyautar matasa masu ƙirƙira.

Ku lura da abu ɗaya. Babu wani kaya mai tsada a cikin na'urar nan. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne yaron ya san halin zaki tun kafin ya taɓa waya. Wannan sanin kuwa makiyayi ne ke da shi. Mai gyaran rediyo ya san lantarki, amma bai san ta inda dabba ke ɓullowa ba.

Yadda ake haɗa ta

Kayan guda bakwai ne: farantin sola, da kwanturola mai daidaita caji, da batir mai bolt 12, da fis, da makunni, da filasha, da ƙwayayen fitila irin na LED. Rana ta bugi faranti, wuta ta bi ta kwanturola ta shiga batir. Aikin kwanturola shi ne ta hana batir cika har ya lalace, ta kuma hana wutar komawa faranti da dare. Wanda ya haɗa faranti da batir kai tsaye, ya gajarta wa batirinsa kwana.

Daga kan batir mai alamar ƙari, wanda aka saba sa wa jar waya, sai fis, sai makunni, sai filasha. Filasha mai ƙafa biyu an saba rubuta B a ƙafar da ke karɓar wuta daga batir, L a wadda ke kai wa fitilu. Baƙar waya kuma ta dawo daga fitilun zuwa ɗaya kan batirin. Kowane ƙwai a ba shi nasa reshen daga manyan wayoyin biyu, yadda in ɗaya ya mutu sauran za su ci gaba da ci.

Akwai wurare uku da masu koyo ke tuntuɓe. Na farko, LED yana da gaba da baya. In an juya wayoyinsa ba zai kama ba. Na biyu, ƙwan cikin tocila wajen bolt 3 yake so, in ka ɗora masa 12 kai tsaye nan take zai ƙone. Ko dai a jera uku bi da bi a sa musu rizisto, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, ko a sayi ƙwan da aka yi don bolt 12, irin na babur. Na uku, tsohuwar filasha an yi ta ne don ƙwai mai cin wuta sosai. In aka haɗa ta da LED, wani lokaci ta yi ta ƙiftawa da sauri, wani lokaci ta ƙi sam. A tambayi mai kayan babur irin wadda ke aiki da LED.

Filasha ɗaya takan sa fitilu duka su ƙifta tare. In an sa biyu ko uku, kowace da nata layin, ba za su tafi daidai ba: nan ya haska, can ya haska, kamar mutum na zagaye. A ɗaure fitilun daidai tsayin hannun mai riƙe da tocila, fuskarsu na waje. In suka kalli ciki, an koma kuskuren hura wuta ke nan. Wayar kuwa a zura ta cikin tiyo ko a binne ta, saboda kofaton shanu da bakin awaki.

Ɗan lissafi

A ce fitila shida ne, kowace wat 1. Jimla wat 6. Dare awa 11, amma tunda ƙiftawa suke, rabin lokacin kawai suke ci. Shida sau biyar da rabi, 33 ke nan a ma'aunin wat na awa. Ƙaramin batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 7Ah yana ɗaukar 84, sai dai batirin dalma ba a son a shanye fiye da rabinsa, wato 42. Kun ga ya isa dare ɗaya, amma ba rara sosai. In ana son ajiya saboda ranar hadari, a nemi wanda ya fi shi girma. Faranti mai wat 20 yana mayar da abin da aka ci cikin yini guda in rana ta fito sosai. Da hunturu ƙura na rufe shi ta rage masa ƙarfi, don haka a riƙa goge shi kowace safiya.

Mita ta awon wuta ita ce idon mai wannan aiki. Batirin da ya cika, ya huta, yana nuna wajen 12.6 zuwa 12.7. In ya sauko kusa da 12.1, ya kai rabi, a bar shi ya sha rana. 'Yan kasuwarmu masu sarin kayan sola a Illela da Ƙonni, ko Jibiya da Maigatari, su ma mitar nan za ta yi musu rana. Farantin da aka yi don batir mai bolt 12, in aka auna shi cikin rana ba a haɗa shi da komai ba, yakan nuna tsakanin 18 da 22. Wanda ya gaza haka nesa, akwai magana, kome aka rubuta a bayansa. Auna kaya a gaban mai saye ya fi dogon rantse-rantse.

Abin da fitila ba ta iyawa

A ƙasashenmu makiyayan da ke kusa da gandun Waza a Kamaru, da Zakuma a Chadi, da gandun W da ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, sun san ɓarnar zaki. Sauran wurare kura da dila ne abokan gaba. Ana iya gwada musu dabarar, amma a gwada ana sa ido. Dabba tana da wayo, kamar yadda zakunan Kitengela suka gane mutum-mutumi. In ƙiftawar iri ɗaya ce kullum, wata rana za ta saba. A riƙa sauya wa fitilun wuri lokaci zuwa lokaci.

Fitila ba ta maye gurbin shingen ƙaya mai ƙarfi da kare da mutum. Ba ta tsare dabbar da ta ɓace a daji, ba ta kuma aiki da rana a wurin kiwo. Dabbar da aka kora daga garkenka tana iya faɗa wa na maƙwabcinka da ke cikin duhu, shi ya sa ya fi kyau rugage na kusa su yi tare. Babban abin lura kuma: ɓarawo mai ƙafa biyu ba ya tsoronta. A inda ake fama da satar shanu, haske mai ƙiftawa yana iya nuna inda garke yake tun daga nesa. Kowa ya auna halin yankinsa kafin ya kunna.

Hattara da batir

Kada a raina bolt 12. Ba ya jan mutum, amma in jar waya ta haɗu da baƙa babu fis, wayar na iya yin ja ta kama ciyawa, ga bukka ga shingen ƙaya. Fis mai amfiya 3 zuwa 5 ya isa wannan aiki, a sa shi dab da kan batir. In ya tsinke a nemo dalili, kada a ɗaure gurbinsa da waya. Batir yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, nesa da murhu da taba. Ruwansa yana cin fata da ido. In ya taɓa mutum a wanke da ruwa mai yawa nan take.

In batir ya mutu, kada a fasa shi a gida don cire dalma. A Thiaroye, kusa da Dakar a Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a unguwarsu. Ƙurarta kan zauna cikin ƙasa inda yara ke wasa, shanu ma in suka lashi fasasshen batir yana kashe su. A mayar da shi yadda yake ga mai sayar da batir.

Jama'a, in akwai yaro ko yarinya a rugarku mai son kwance tocila, kada a kore shi. A ba shi matattun kaya da mita, a haɗa shi da mai gyaran rediyo ranar kasuwa, a hana shi taɓa wutar gida mai bolt 220 da kumburarren batirin wayar hannu. Ku kuma dattawa ku gaya masa ta inda kura ke zuwa da lokacin da take zuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a tashi lafiya da dukiya.