Mesa ba ta kwana a kan siminti

Hotunan matasa da mesa rataye a wuya sun cika TikTok, kuma gardamar da ake tafkawa ɗaya ce: za ta iya haɗiye mutum ko ba za ta iya ba? Ba wanda ke tambayar inda ake jefa ta bayan an gama ɗaukar hoto, alhali a can take rasa ranta.

Mesa ba ta da dafi, kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne da ciki take tafiya, don haka duk abin da aka shimfiɗa mata a keji yana manne da fatarta dare da rana. Siminti tsura na goge mata ciki, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuma ta ruɓar da shi. Yashi da garin katako kan manne wa kazar da aka ba ta, ta haɗiye, hanji ya toshe. Da hunturu, in babu laima, saɓa takan ƙi fita duka, ta maƙale a ido da wutsiya. Shi ya sa masu kiwonta a Turai ke shimfiɗa ɓawon kwakwa ko tsohuwar jarida, su ajiye kwanon ruwan da za ta shige.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne a raba ta da fadama tun farko. Manomin Ruwan Gizo a Zamfara ya san inda mesa ke kwana: ramin dabgi, tsohon suri, duhuwar bakin ruwa. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, shinkafa ta yawaita daga Talata Mafara zuwa Bakura, kuma inda shinkafa take, ɓera da gafiya na nan. Wa ke rage su kyauta? Kowace mesa da aka kama don ado ko don fata, hatsin wani talaka ne aka bar wa ɓera. 

Nijeriya na da dokar kare namun daji masu ƙarewa tun 1985, an kuma gyara ta a 2016. Jami'an gandun daji na Zamfara su daina jiran ofis, su shiga kasuwannin ƙauye ranar ci, su tambayi mai jakar fatun mesa daga wace fadama ya samo su.