Wayar girke ko ta salula: Wacce ke kai kukan ƙauye ga masu agaji idan wuta ta ɗauke?

A ƙarshen watan Oktoban 2019, kamfanin lantarki na PG&E ya kashe wa ɗaruruwan dubban gidaje wuta da gangan a arewacin jihar Kalifoniya da ke Amurka.

Iska ce ke kaɗawa da ƙarfi, ciyawa ta bushe ƙamas, kamfanin kuma na fargabar kada wayoyinsa su tsinke su tayar da gobarar daji. Yana da dalilin fargabar. Shekara guda kafin nan, a ranar 8 ga Nuwamban 2018, wata tsohuwar wayarsa ce ta haddasa gobarar da ta laƙume garin Paradise, ta kashe mutum 85, yawancinsu tsofaffi.

Sai dai kashe wutar ya tono wata matsalar da mutane ba su yi tsammani ba. Turakun sadarwa, waɗanda a nan gida ake kira ƙarfen sabis, su ma da lantarki suke aiki. Da batiransu suka ƙare, sai suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A yankin Marin da ke arewa da birnin San Francisco, fiye da rabin turakun sun daina aiki.

Mutane na riƙe da wayoyi masu tsada, wasu ma cike da caji, amma babu halin kiran 911, lambar neman agajin gaggawa ta Amurka. Kuma a daidai lokacin wata sabuwar gobarar daji na ci a yankin Sonoma da ke maƙwabtaka da su.

A gidajen da ba a cire tsohuwar wayar girke ba kuwa, da dama sun ɗaga kan tarho suka ji yana aiki kamar kullum.

Me ya sa wayar girke ba ta mutuwa da wutar gida?

Sirrin yana cikin igiyar jan ƙarfen da ke shigowa gidan. Igiyar tana ɗauko murya, tana kuma ɗauko 'yar wutar da tarhon ke buƙata, kimanin volt 48, tun daga cibiyar kamfanin waya. A can cibiyar akwai manyan batira da janareta. Don haka ko unguwa ta kwana uku cikin duhu, muddin igiyar ba ta tsinke ba, ana iya kira.

Wannan ya shafi tarho mai igiya ne kawai. Samfurin da ake yawo da kansa a tsakar gida sai an jona shi da soket, saboda haka yana ɗaukewa tare da fitila da firji.

Fa'ida ta biyu ita ce adireshi. A Amurka, kowace lambar wayar girke na haɗe da gidan da aka girka ta. Da zarar an danna 911, lambar gida da sunan titi za su fito a allon jami'in da ya amsa. Ko mai kiran ya kasa furta kalma ɗaya saboda bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko kuma ƙaramin yaro ne da bai san sunan titinsu ba, an san ƙofar da za a je.

Da wayar salula abin ya fi wuya. Shekaru da dama, turken da ya karɓi kiran shi ke yanke cibiyar agajin da za a tura shi. A cikin birni, inda turaku ke kusa da juna, kuskuren ba ya yawa. A karkara kuwa turke ɗaya na iya ɗaukar kilomita masu yawa, har ya tsallaka iyakar wata gunduma. Kira kan faɗa cibiyar da ba ita ke kula da yankin ba, sai an sake miƙa shi, mai numfashi sama-sama kuma na kwance yana jira.

A watan Janairun 2024 ne hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta wajabta wa kamfanoni su riƙa tura kiran gaggawa bisa ainihin inda wayar take, idan fasahar layin ta ba da dama.

Rikicin AT&T da mazauna karkara

Duk da waɗannan fa'idoji, wayar girke na ƙarewa. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na manya a Amurka na zaune ne a gidajen da salula kawai ake amfani da ita. Cikin kiran 911 kimanin miliyan 240 da ake yi a shekara, kusan kashi 80 daga salula suke fitowa.

Kamfanoni na ganin asara ce su ci gaba da kula da dubban kilomitoci na igiyar jan ƙarfe saboda mutane ƙalilan. A watan Maris na 2023, kamfanin AT&T ya nemi hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan kamfanoni a Kalifoniya, CPUC, ta sauke masa wani tsohon nauyi: wajibcin ja wa duk wanda ya nema layin waya a yankunan da ke hannunsa, komai nisan gidansa.

Hujjar kamfanin ita ce fasahar ta tsufa, gyaranta na cin kuɗi, kuma da a zuba kuɗin a wayar fiba da turakun salula zai fi amfanar jama'a. Ya kuma yi alƙawarin ba zai bar kowa babu hanyar kira ba.

Mazauna tsaunuka da kwazazzabai ba su gamsu ba. Dubban mutane sun aika wa hukumar ƙorafi, wasu sun halarci zaman sauraron ra'ayin jama'a. Maganarsu kusan ɗaya ce: a inda suke sabis ba ya kamawa, ko kuma sai an fita waje an hau tudu, kuma lokacin da aka fi buƙatarsa, wato lokacin gobara da guguwa, shi ne lokacin da yake ɗaukewa.

A ranar 20 ga Yunin 2024 hukumar ta yi watsi da buƙatar. Ta ce kamfanin bai nuna wani da zai iya ɗaukar nauyin a madadinsa ba, kuma babu kamfanin da ya fito ya ce zai karɓa.

Tun kafin nan, a watan Yulin 2020, hukumar ta umarci kamfanonin salula su tanadi wutar ko-ta-kwana ta sa'a 72 a turakun da ke yankunan da gobara ta fi yi wa barazana.

Nasarar mazauna karkarar ba ta ɗore a ko'ina ba. A ƙarshen 2024, AT&T ya bayyana cewa yana shirin daina amfani da layukan jan ƙarfe a yawancin jihohin da yake aiki nan da ƙarshen 2029.

Birtaniya ta gwada, guguwa ta koya mata darasi

A Birtaniya, ƙasar da ta fara ware lambar kiran gaggawa ta 999 tun a 1937, an riga an yanke shawarar rufe tsohon tsarin gaba ɗaya. Tarhon gida zai ci gaba da zama, amma ta na'urar intanet zai riƙa aiki. Na'urar kuwa da wutar gida take rayuwa.

An yi nisa da sauyin lokacin da guguwar Arwen ta afka wa Sikotland da arewacin Ingila a ƙarshen Nuwamban 2021. Kimanin gidaje miliyan ɗaya suka rasa wuta, wasu ƙauyukan sun haura mako cikin duhu da sanyi. Turakun salula sun mutu, sabon tarhon ma ya mutu.

Ƙa'idar hukumar sadarwa ta Ofcom ita ce kamfani ya samar wa mutumin da ya dogara da tarhon gida hanyar kiran agaji ta aƙalla sa'a ɗaya idan wuta ta ɗauke. Ga wanda ya kwana bakwai babu wuta, sa'a ɗaya ba ta kai ko'ina ba.

A watan Maris na 2022 kamfanin BT ya nemi afuwa, ya dakatar da sauya wa mutane layi na wani lokaci. Daga baya aka ɗage wa'adin rufewar daga Disamban 2025 zuwa ƙarshen Janairun 2027. Babban abin damuwa shi ne tsofaffi da masu lalura kusan miliyan biyu da ke rataya wani ɗan maɓalli a wuya ko a hannu, wanda ke kiran taimako ta layin gida idan sun faɗi.

Inda salula ta yi zarra

Wayar girke ma tana da nata rauni. Gobarar da ta ci turke tana cin falwaya da igiyar da ke kanta. Bishiya na faɗo mata, ambaliya na jiƙa ta, ɓarayin jan ƙarfe na yanke ta.

Sannan yawancin haɗurran karkara ba a ɗaki suke faruwa ba. Manomin da tarakta ta danne a gona, da direban da motarsa ta ƙwace a hanyar da ba kowa, tarhon da ke falo ba zai yi musu komai ba.

Salula kuma na ƙara wayo. Wayoyin Android da iPhone na yanzu na iya aika wa cibiyar agaji ainihin inda mai kira yake, a ƙasashen da aka kafa tsarin karɓar bayanin. A Amurka da Birtaniya, idan layin mutum ba shi da sabis, kiran gaggawa na bi ta turken duk wani kamfani da ke kusa. Daga Nuwamban 2022 kuma, iPhone 14 da waɗanda suka biyo bayanta na iya aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam a wasu ƙasashe, ko da babu turke ko ɗaya.

Shi ya sa shawarar da ake yawan bai wa mazauna karkara a can ita ce su riƙe duka biyun in da hali, domin ba kasafai abu ɗaya ke kashe su a lokaci guda ba.

Mu da ba mu da ta girken fa?

A Najeriya babu wannan zaɓin. Kafin zuwan GSM a watan Agustan 2001, layukan NITEL da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 100, kuma kusan duka a birane da ofisoshin gwamnati suke. Yawancin ƙauyuka ba su taɓa ganin tarho ba, salula ce wayarsu ta farko.

Ma'ana, ran mai naƙuda da na wanda maciji ya sara da na ƙauyen da 'yan bindiga suka kewaye duk a kan ƙarfen sabis ɗaya suke rataye. Shi kuma ƙarfen da janareta da man dizal da batira yake rayuwa, abubuwan da ɓarayi ke hari, kuma kai su cikin daji ya zama kasada.

Arewa ta riga ta ɗanɗana rayuwa babu shi. A 2012 Boko Haram ta riƙa lalata turakun sadarwa a Arewa maso Gabas. A watan Mayun 2013 aka katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci a rufe sadarwa a duk faɗin Zamfara, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. An yi hakan ne don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanya, amma talakan da aka kawo wa hari cikin dare shi ma ya rasa yadda zai kira kowa.

Akwai lambar 112, wadda kyauta ce a kowane layi. NCC ta gina cibiyoyin amsa ta a Abuja da jihohi da dama, inda ake miƙa kira ga 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra ko motar asibiti. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ma na da 122. Amma lamba ba ta aiki inda babu sabis, kuma gwamnati da kanta ta ce 'yan Najeriya fiye da miliyan 20 na zaune a wuraren da sadarwa ba ta kai ba. Inda kiran ya shiga ma, sai an yi kwatance da bishiyar kuka ko masallacin Juma'a, don gidajen ba su da lamba.

A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, a 2025 kuma ta sanar da shirin kafa dubban turaku a karkara. Abin da ya faru a Kalifoniya da Birtaniya na nuna cewa kafa turken rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sa'a nawa zai iya yi idan dizal ya yanke, da kuma wanda za a tuhuma idan ya mutu.

Kafin ranar ta zo

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai abubuwan da iyali za su iya yi tun yanzu.

A ajiye ƙaramar waya mai riƙe caji, a sa mata layin wani kamfani daban. Sai dai a sani cewa kamfanoni kan yi tarayya a turke ɗaya, don haka layi biyu na iya ɗaukewa tare.

Idan kira ya ƙi shiga, a gwada saƙon tes. Yakan wuce ko da sabis ɗin ya yi rauni.

A rubuta lambobin ma'aikacin asibitin da ya fi kusa, da direba ko ɗan acaɓan da zai fito cikin dare, da mai unguwa, da ofishin 'yan sandan yankin a takarda, a liƙa inda kowa zai gani. Lambar da ke cikin wayar da ta mutu ba ta da amfani.

A tabbatar kowa a gidan, har da mata da yara masu wayo, ya san 112, ya san wurin da sabis ya fi kamawa a garin, ya kuma iya kwatanta gidan daga bakin titi ga baƙon da bai taɓa zuwa ba.