Kitsen Jariri Tun Yana Ciki

Yau maganarmu da mai juna biyu ce, musamman ke da ke zaune a Kura, ko Bunkure, ko Kadawa, inda ruwan Tiga ya sa aikin gona ba ya yankewa rani da damina.

Sau da yawa akan ce wa mai ciki ta rage ci in ciki ya tsufa, wai kada yaro ya yi ƙato haihuwa ta yi wuya. Kafin ki bi wannan shawara, ki ji abin da likitoci suka gano.

A 1994 wani masani a Amurka, Jeffrey Friedman, da abokan aikinsa suka gano wani sinadari da kitsen jiki ke saki cikin jini, aka sa masa suna leftin. Ɗan aike ne, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin yawan kitsen da ke ajiye, kamar yadda maigida ke leƙa rumbu ya ga ko hatsi zai kai kaka. A 1997 kuma masana a Japan suka nuna mabiyiya ma tana yin sa. Shi ya sa yakan ƙaru a jinin mai ciki, ya sauka bayan ta haihu.

To, shi ma ɗan da ke cikinki yana yin nasa. Yawancin kitsensa a watannin ƙarshe yake tara shi, kuma daga wajen mako na 34 leftin ɗinsa ke hauhawa. Da aka auna jinin cibiya, sai aka ga jariri mai nauyi yana da shi da yawa, ramamme kuwa ɗan kaɗan. ('Ya mace ma ta fi namiji, tun daga ciki.) Watau lokacin da ake ce miki ki rage ci, lokacin ne yaron ke cika rumbunsa. Wannan kitse shi ne bargonsa in hunturu ya shigo, shi ne guzurinsa kafin ruwan nono ya kawo sosai. Jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, sanyi da cuta sun fi saurin kama shi.

Doguwar naƙuda kuwa, galibi ƙaramin ƙugu ko kwanciyar yaro ke kawo ta, yunwa ba ta gyara ko ɗaya. 'Yanmatan makaranta, ku ci ku ƙoshi tun yanzu, ƙugunku na kan girma. Ƙaton jariri fiye da kima kuma sau da yawa ciwon sukari ne, a wurin awo ake gano shi.

Akwai ɓarawo ɗaya da ya fi addabar ƙasar noman rani. Ruwan fadamun shinkafa ba ya rabuwa da sauro, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa takan maƙale a mabiyiya ta tare wa yaro abinci, ko da ke ba ki ji zazzaɓi ba. Ki kwana cikin gidan sauro. Daga wata na huɗu ki riƙa karɓar Fansidar a wurin awo, wata-wata, yadda malamar asibiti ta faɗa.

Kada ki tsaya ga shinkafa kaɗai don tana gida. Haɗa da wake, gyaɗa, zogale, ƙwai da kifi. Tsayuwa kan tukunyar turara shinkafa da ɗaukar kwandon tumatir, ki bar wa wasu har ki sauka. Leftin kuma ba maganin mai ciki ba ne da za ki nema a kemis. In wani ya kawo miki a kwalba, ki riƙe kuɗinki ki sayi ƙwai.