Yadda Maƙwabta Biyu, Nationals da Orioles, Suka Ba da Mamaki a Gasar Besbol ta 2012

Tazarar da ke tsakanin Washington, babban birnin Amurka, da Baltimore da ke jihar Maryland ba ta wuce kimanin kilomita 60 ba. Kowanne daga cikin biranen biyu yana da ƙungiya a babbar gasar besbol ta ƙasar, wato MLB, kuma kafin shekarar 2012 magoya bayansu sun daɗe suna shan takaici.

Besbol wasa ne da ɗan wasan ɓangare ɗaya ke jefa ƙwallo, na ɗaya ɓangaren kuma ya doke ta da kulki, sannan ya ruga ya kewaye tashoshi huɗu domin samun maki. Ana kammala wasa cikin zagaye tara, sai idan an yi kunnen doki a ƙara. Kowace ƙungiya tana buga wasanni 162 a kaka guda.

Baltimore Orioles ta shafe shekaru 14 a jere, daga 1998 zuwa 2011, ana doke ta fiye da yadda take yin nasara. Ita kuwa Washington Nationals, wadda ta ƙauro daga Montreal ta ƙasar Kanada a 2005, ta sha kashi sau 102 a 2008 da sau 103 a 2009.

Da aka buɗe kakar 2012 a watan Afrilu, sai labari ya sha bamban. Nationals ta lashe 14 daga cikin wasanninta 18 na farko. Orioles ta ci 19 cikin 28 zuwa ranar 6 ga Mayu, ranar da ta doke Boston Red Sox da ci 9 da 6 bayan zagaye 17. Masu jifan da ta tanada sun ƙare a wasan, har kocinta Buck Showalter ya miƙa ƙwallo ga Chris Davis, wanda aikinsa duka ne, ya yi jifan zagaye biyu ba a ci shi ko maki ɗaya ba.

Sai dai kowacce da hanyar da ta bi. Nasarar Nationals ribar shekarun wahala ce, domin dokar gasar a lokacin tana bai wa ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe damar fara zaɓen sababbin 'yan wasa. Ta haka ta samu mai jifa Stephen Strasburg a 2009, da Bryce Harper a 2010, wanda ya fara buga babbar gasar ranar 28 ga Afrilun 2012 yana ɗan shekara 19. Ta kuma ɗauko Gio Gonzalez daga Oakland, ya kawo mata nasara 21 a kakar. Kocinta Davey Johnson shi ne ya jagoranci Orioles a 1997, shekarar da ta yi rabon gani da nasara.

Ƙarfin Orioles kuwa yana wasannin da ake yin kankankan. A waɗanda maki ɗaya tak ya raba gardama ta ci 29, aka doke ta a 9, sannan ta lashe 16 a jere cikin waɗanda aka yi ƙarin zagaye. Masu jifa na ƙarshen wasa ne ginshiƙinta, musamman Jim Johnson, wanda ya tsare mata nasara sau 51. Duk da haka, makin da ta tara a kakar baki ɗaya 712 ne, aka ci ta 705. Wannan ya sa masu nazarin alƙaluma da dama suka riƙa cewa sa'a ce ke ɗawainiya da ita, kuma za ta kwanta kafin a je ko'ina.

Hasashen bai tabbata ba. Nationals ta kammala kaka da nasara 98, mafi yawa a gasar baki ɗaya, abin da ya kai birnin Washington wasannin fitar da gwani karo na farko tun 1933. Orioles ta tashi daga nasara 69 a 2011 zuwa 93, ta kuma fitar da Texas Rangers da ci 5 da 1.

Tafiyar duka biyun ta tsaya a mataki ɗaya cikin watan Oktoba. New York Yankees ta fitar da Orioles a wasa na biyar. Nationals, wadda ta dakatar da Strasburg tun a watan Satumba domin kare gwiwar hannunsa da aka taɓa yi wa tiyata, tana gaba da ci 6 da nema a nata wasan na biyar, amma St. Louis Cardinals ta farke ta kuma yi nasara da ci 9 da 7.

Shekaru biyu bayan haka, a 2014, ƙungiyoyin biyu suka lashe rukunoninsu, kowacce da nasara 96. Nationals ta ɗauki kofin gasar a karon farko a 2019.