Hakkin Ma'aikaci Na Ranar Tsufa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, a al'adar fatake, idan yaro ya daɗe yana hidima ga ubangidansa, akan sallame shi da jari. Amma sau da yawa ubangida yakan rasu, ko dukiya ta karye, bara ya wayi gari da furfura, hannu wayam. Saboda irin wannan hukuma ta sa hannu. A 1961 aka kafa asusun tanadi na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni. A 2004 aka yi sabuwar dokar fansho, aka kuma sabunta ta a 2014.

Dokar 2014 ta wajabta wa duk wanda ke da ma'aikata 15 ko fiye ya shiga. Ma'aikaci shi ke zaɓen kamfanin da zai kula masa da asusunsa, cikin waɗanda Hukumar Fansho ta Ƙasa, watau PenCom, ta ba izni, sa'an nan ya kawo wa maigida lambar asusun. Kowane wata ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, maigida ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Wanda albashinsa ya kai naira 100,000, za a cire masa 8,000, a ɗora 10,000, ya zama 18,000.

To, a nan ne attajiri ke zamewa. Kuɗin yana hannunsa, ga kaya sun yi araha, sai zuciya ta ce a juya shi tukuna, a biya daga baya. Alhali kuwa wannan amana ce, ba jari ba. Doka ta ba shi kwanakin aiki 7 kaɗai bayan biyan albashi ya miƙa kuɗin. Wanda ya jinkirta, tarar da ke kansa ba ta kasa kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba, a kowane wata. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kamfanin da ke juya kuɗin ba shi ke riƙe da shi ba. Yana wurin ma'aji dabam, don kada mai sarrafawa ya zama shi ne mai ajiya. Idan ma'aikaci ya sake ubangida, asusunsa na binsa. Yana fara cin gajiyarsa in ya yi ritaya kuma ya cika shekara 50. In aiki ya kuɓuce masa kafin nan, ya yi wata 4 bai sami wani ba, ana iya ba shi rubu'i. In ya rasu, hakkin magada ne.

Malamai sun daɗe suna ƙyamar tsarin saboda kuɗin ruwa. A 2021 aka buɗe asusu na shida, wanda ake juyawa a sukuk da hannun jarin da bai saɓa wa shari'a ba, ma'aikaci kuwa yana iya neman a mai da kuɗinsa can. Tun 2019 kuma aka buɗe ƙofa ga tela da mahauci da ɗan tireda, kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa.

Abin da ya rage ga attajiri shi ne ya sa akawunsa ya rubuta sunan kowa da lambarsa, ya adana rasit na kowane wata, domin bashin da aka manta a kanti ba a manta shi a Lahira.

Allah shi sa a gama lafiya. Wassalam.