Ƙiba, Inshora da Aljihun Ma'aikaci: Darasi Daga Amurka

A ƙasar Amurka, inda kusan kashi 40 cikin ɗari na manya ke fama da matsananciyar ƙiba, yawancin masu aiki suna samun inshorar lafiya ne ta hannun kamfanin da ya ɗauke su. Ke nan idan ciwon suga ko hawan jini ya biyo bayan ƙiba, asusun kamfani ma yakan ji a jikinsa. Wannan ne ya haifar da muhawarar da ta daɗe ana yi a can: shin ƙiba cuta ce da ya wajaba inshora ta biya kuɗin maganinta, ko kuwa sakaci ne da mai shi zai gyara da kansa?

Likitoci suna auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum a kilogiram da tsawonsa a mita, sannan a sake raba amsar da tsawon. Mai kilogiram 90 da tsawon mita 1.7 zai sami kimanin 31. Daga 25 nauyi ya fara yin yawa, daga 30 kuwa an shiga matsananciyar ƙiba. Sai a shekarar 2013 ne Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ayyana wannan hali a matsayin cuta. Shekara goma kafin haka, dokar 2003 da ta kafa tallafin magunguna a shirin Medicare na tsofaffi ta cire magungunan rage ƙiba daga cikin waɗanda za a biya.

Kamfanoni sun fi karkata ga hanya mai sauƙin kuɗi, wato shirin kula da lafiya a wurin aiki. Akan auna nauyi da jinin ma'aikata, a ba su shawara kan abinci da motsa jiki, a kuma saka wa wanda ya shiga. Dokar lafiya ta 2010 ta yarda, daga 2014, a yi wa ma'aikaci rangwame ko ƙari har kashi 30 cikin ɗari na kuɗin inshorarsa bisa sakamakon awon.

Da farko lissafin ya yi kyau, domin masu shiga shirin sun fi sauran ƙoshin lafiya. To amma masana sun tambaya: shirin ne ya ba su lafiya, ko da ma masu lafiya ne ke shiga? Hanyar warware wannan ita ce ƙuri'a. A Jami'ar Ilinoyi an raba ma'aikata kusan 5,000 gida biyu ta ƙuri'a, aka gayyaci kashi ɗaya cikin shirin, aka bar ɗayan. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna kuɗin asibiti bai ragu ba, kuma waɗanda suka amsa gayyatar tun asali sun fi motsa jiki. A shekarar kuma, wani bincike a kan ma'aikata kusan 33,000 na kantunan BJ's ya gano cewa bayan wata 18 mutane sun ce suna ƙara motsa jiki, amma nauyinsu da hawan jininsu ba su bambanta da na sauran ba.

Dalilin yana cikin jiki. Idan nauyi ya ragu, yunwa takan ƙaru, jiki kuma ya rage ƙona abinci, kamar mai tattalin rumbu a shekarar fari. A nan ne sababbin magunguna suka shigo. Allurar Wegovy, wadda kamfanin Novo Nordisk na Danmak ya samar, aka kuma amince da ita a Amurka a 2021, tana kwaikwayon wani sinadari mai suna GLP-1 da hanji ke fitarwa bayan cin abinci don sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. A gwaji, masu yin allurar sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Wani gwajin na 2023, a kan masu ciwon zuciya fiye da 17,000, ya nuna haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ragu da kashi 20 cikin ɗari.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Lokacin da allurar ta fito, kuɗinta ya haura dala 1,300 a wata, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar a cikin shekara guda. Saboda tsadar, asusun lafiyar ma'aikatan jihar Karolina ta Arewa ya daina biyan irin waɗannan allurai don rage ƙiba a watan Afrilu na 2024. Akwai kuma matsalar lokaci: kamfani ne zai biya a bana, amma bugun zuciyar da aka kauce masa wataƙila sai bayan shekara 20, lokacin da ma'aikacin ya daɗe da sauya wurin aiki ko ya koma ƙarƙashin Medicare.

Ga ɗalibin kimiyya, abin lura shi ne yadda ƙuri'a ta raba zato da hujja. Shirin da ya yi araha bai rage kuɗin asibiti ba, maganin da ya yi aiki kuma, a lokacin da ya fito, ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu buƙatarsa, sai fa idan inshora ta ɗauki nauyin.