Bayan Ƙari da Ɗinki: Za Ki Iya Sake Haihuwa da Kanki?

Ranar awon ciki, bayan an gama gwajin jini taro ya watse, akwai matan da ba sa tafiya. Sai su yi ta gyara goyo har ɗakin ya rage mutane, sannan su matso. Na daɗe ina aikin ungozoma a Keffi, na san abin da ke cinsu tun kafin su buɗe baki. "Sista, wancan karon an yi mini ɗinki sosai. Wannan ma haka za a yi?" Wata ta riga ta yanke hukunci, ita aiki kawai take so a yi mata a ciro ɗan. Wata kuwa ko sunan tiyata ba ta son ji, domin uwar miji ta ce a danginsu mace da kanta take haihuwa.

Abin da nake fara tambaya shi ne: wane irin ɗinki aka yi miki? Yawancinsu ba su sani ba, don ba a faɗa musu ba. Wannan laifinmu ne mu ma'aikata, kuma yana yi mini ciwo.

Akwai ƙari, wato yankan da ungozoma ko likita ke yi da almakashi a bakin gaba, a karkace, don buɗe wa kan jariri hanya. Akwai kuma yagewa da kanta, mataki huɗu. Na farko fata ce kawai. Na biyu ya shiga naman da ke tsakanin gaba da dubura, kuma ƙari ma a nan yake tsayawa idan bai zarce ba. Na uku ya taɓa tsokar da ta kewaye dubura, wadda take tsuke ta kamar zariyar bakin jaka, ita ce ke riƙe iska da bayan gida. Na huɗu ya ratsa tsokar har ya kai fatar cikin dubura.

Idan naki ƙari ne ko mataki na ɗaya da na biyu, kuma ya warke, ki kwantar da hankalinki. Mata irinki suna haihuwa da kansu kullum, da yawa ba a sake taɓa su da almakashi. Haihuwar fari ce ta fi kawo wannan, domin hanyar ba ta taɓa buɗewa ba. Kuma a shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce kada a mayar da ƙari al'ada ga kowace mai naƙuda, sai da dalili, kamar jariri ya galabaita ana son ya fito da sauri, ko za a sa ƙarfen jawo shi. Don an yi miki a baya, ba dole ba ne a sake.

Mataki na uku da na huɗu ne ke buƙatar a zauna a yi magana. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila, a jagorar da ta fitar a 2015, ta ce a can wajen mace 3 cikin 100 da suka haihu da kansu ke samun irin wannan yagewa, masu haihuwar fari kuma wajen 6 cikin 100. Wadda ta taɓa samu, yiwuwar ya maimaita tsakanin 5 ne zuwa 7 cikin 100. Ki juya lissafin: fiye da 90 cikin 100 ba sa sake samu. Amma waɗannan alƙaluma na matan da aka gane raunin nan take ne, aka kai su ɗakin tiyata aka ɗinke tsokar da kyau, aka ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta da na laushin bayan gida. A nan gida, inda mata da yawa ke haihuwa a ɗaki, ba kowa ke samun wannan gatan ba.

Shi ya sa tambayar da ta fi komai nauyi ita ce wadda kunya ke hana a amsa: yanzu kina iya riƙe iska? Bayan gida fa, yana jira ki kai bayi, ko kina ganin alamarsa a wando?

Wata yarinya ta zo mini daga wani ƙauye ta hanyar Garaku, cikinta wata bakwai. A gida ta yi haihuwar fari, ɗan ƙato ne, naƙudar ta kwana ta wuni. Da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Can ta ce, "Mama, tun da na haihu alwala ba ta zama mini. Kafin in idar da salla sai na sake." Ta daina zuwa biki da suna, ta koma zama a bayan mutane, kullum da ƙyalle a jikinta. An ce mata sanyin jego ne, don ba ta gasu da ruwan zafi yadda ya kamata ba. Da muka duba, tsokar a rabe take, ba wanda ya taɓa ɗinke ta. Na ce mata, "'Yata, wannan rauni ne, kuma ana gyara shi." Likita ya ba da shawarar a yi mata aiki a wannan cikin, daga baya a gyara wurin. Da aka yi wa mijin bayani a nutse, bai yi gardama ba.

Ƙa'idar ke nan da likitoci ke bi. Mai alamar rashin riƙewa, akan ba ta shawarar tiyata, domin wata haihuwar tana iya ƙara lalata abin da ya rage. Wadda aka ɗinke da kyau, ta warke, ba ta da wata alama, tana iya haihuwa da kanta idan ta zaɓa. Akwai na'urorin da ke ɗaukar hoton tsokar su auna ƙarfinta, sai dai ba kowane asibiti ke da su ba, don haka bayaninki da duban likita su ne madogara. Tiyata ma tana da nata nauyin: jinya, kuɗi, da tabon mahaifa da za a riƙa lura da shi a kowane ciki na gaba. Ga macen da ke son 'ya'ya da yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban yarda a tura mace aiki don tsoro kawai ba. Haka ban yarda a hana ta don gorin dangi ba.

Idan an tsayar za ki haihu da kanki, to a asibiti, inda akwai likitan da zai iya gyara idan ya maimaita. A nan Keffi akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya mai likitocin mata. Ki faɗi tarihinki tun ranar awon farko, ki sake faɗa wa wadda kika tarar a ɗakin haihuwa. A auna sukari, domin ciwon sukarin ciki yana sa jariri ya yi girma, kuma wanda ya haura kilo 4 ya fi yaga. Lokacin da kai ya danno, aikinmu shi ne mu tallafi wurin da hannu, mu dafa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, mu rage wa kan gudu. Naki aikin kuma mai wuya ne: idan muka ce ki daina nishi ki yi numfashi sama-sama, ki daure ki bi, ko da jikinki na cewa ki tura. Waɗannan 'yan daƙiƙu suna ba naman damar miƙewa.

Ga iyayenmu masu wankan jego, ina girmama hidimarku, amma ruwan zafi ba ya haɗa tsokar da ta rabu, kuma mai tsananin zafi yana ƙona ɗinki. Ruwan ɗumi mai tsabta ya isa. Kada a cusa komai a wurin da sunan matsi. A bar mai jego ta koma asibiti bayan mako shida a duba ta, a koya mata motsa tsokar ta hanyar tsukewa da saki, a kuma ba jikinta hutu wajen shekara biyu kafin wani cikin.

Wadda kuma ta shekara da shekaru tana fama da yoyon bayan gida, ko ta daina haihuwa, ba ta makara ba. Ta fara da likitan mata a nan. Idan abin ya fi ƙarfin nan, akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari ta Evangel a Jos, da ta ƙasa a Babbar Ruga a Katsina, inda ake gyara irin waɗannan raunukan haihuwa.